Mutanen Sikotlan ma suna da sunan kowace irin tafasa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, dan Allah ina roƙon ka ɗan ba ni fili, na san wasiƙar tawa za ta yi tsawo amma ka yi haƙuri, abun ne ya kwana biyu yana cina a rai. Kwanakin baya kun buga wata maƙala a kan kalmomin girki na Hausa da suke neman ɓacewa, irin su sanwa da talge da ruɗe da sulala, na karanta na ji daɗi sosai har na tura wa ƙannena, sai kuma ga wani bawan Allah ya rubuto yana cewa wai wannan ɓata takarda ne, wai mutane suna fama da tsadar rayuwa ku kuna zancen sunan tafasar ruwa, wai ai ko Turawa da suka ci gaba ba su tsaya irin wannan ba, kalma ɗaya ce gare su ta tafasa kuma ta ishe su. Toh wannan maganar tasa ta ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki waya nake rubuto maka, domin wallahi ba haka ba ne, kuma ni ganau ce ba jiyau ba.

Shekara shida kenan ina zaune a arewa maso gabashin Sikotlan, can wajen birnin Abadin (Aberdeen), na biyo maigidana da karatu ya kawo shi, ni kuma na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Kafin in zo ni ma na ɗauka duk Birtaniya Turanci ɗaya ake yi, ashe a Sikotlan kaɗai harshe uku ne na gado. Akwai Turancin da muka sani, akwai Gaelic na mutanen tsaunuka da tsibiran yamma wanda shi danginsa daban ne kwata-kwata, sannan akwai wanda suke kira Scots, shi ɗan'uwan Turanci ne uwa ɗaya uba ɗaya, daga tsohon Turancin arewacin Ingila ya tsiro amma ya kama hanyarsa ɗaruruwan shekaru da suka wuce, har sarakunansu da shi suka yi mulki da shari'a. A ƙidayar 2011 mutum wajen miliyan 1.5 suka ce suna iya magana da shi. Karin harshen da ake yi a yankinmu sunansa Doric, kuma in tsoho ya saki baki yana yi maka shi, duk digirinka na Turanci sai dai ka yi ta kallon bakinsa.

Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, ta haura casa'in, mantuwa ta kama ta, wani lokacin ko 'yarta ba ta ganewa. Tun da ciwon ya yi nisa sai Turancin makaranta ya zube mata, yaren da ta tashi da shi a gona kawai ya rage. Ni ba ta taɓa riƙe sunana ba, quine take ce min, wato yarinya. Wani lokacin sanyi ta yi kusan sati ba ta cin abinci, a kawo mata ta ture, sai dai ta yi ta maimaita kalma ɗaya, sowans, sowans, tana buga cokali a tebur. Abokan aikina 'yan ƙasar ne, a nan aka haife su, amma yawancinsu ba su kai talatin ba, ba wanda ya san me take nufi, wata har ta rubuta a fayil cewa tsohuwar tana sambatu ne. Wannan rubutun ya tsaya min a wuya, don ni na ga idonta lokacin da take faɗa, ba idon mai sambatu ba ne, idon mai jin yunwar wani abu ne da ta sani. Da na tashi aiki a cikin bas na buɗe ƙamus ɗin harshen nasu da ke intanet na nemo kalmar, ina karantawa sai da tsigar jikina ta tashi, domin abun da na gani koko ne. Kokon da kakata take damawa, sai dai hatsin ne ya bambanta.

Ga yadda ake yi. Babban hatsinsu shi ne ots, wannan da muke saya a gwangwani muna ce masa kwaka. In an kai shi niƙa akwai dusar da take saura da ɗan gari maƙale a jikinta, sunanta sids, mai niƙa yakan mayar wa mai hatsi da abarsa. Ita wannan dusar ake jiƙawa da ruwa mai ɗumi a ɗan ƙaramin gangan katako, a bar ta kamar sati ko fiye har ta yi tsami, sai a tace a matse a zubar da dusar, a bar ruwan ya kwanta. Ruwan da ya taso sama mai tsami sunansa swats, ana shan sa haka nan don kashe ƙishi, gasarar da ta kwanta a ƙasa kuma ita ce sowans, a zuba ruwa da gishiri a ɗora a wuta ana juyawa har ta yi kauri, a sha da madara ko a jefa man shanu. Dan Allah wace Bahaushiya ce za ta karanta wannan ba ta gane kamu ba? Asalin kalmar daga Gaelic ta shigo, sùghan, daga sùgh wato ruwan da ake tatsa daga jikin abu. A da a wannan yankin har dare guda suka ware mata a lokacin bikin Kirsimeti, Sowans Nicht, maƙwabta su taru a sha tare. Masaƙansu na da ma da irin wannan ƙullun suke shafe zare don ya yi ƙarfi, shi ma sowans suke ce masa. Abincin talaka ne tsantsa, abun da aka tsamo daga dusar da wani zai zuba wa dabba, amma ka ga kowane mataki nasa da sunansa.

Daga ranar ban daina bin waɗannan kalmomin ba, in na ji wata a bakin tsofaffin sai in rubuta a bayan hannuna ko a takardar magani, in na koma gida in duba. Toh bari in ba wa mai cewa kalma ɗaya ce amsa. Tafasa ta gama-gari suna cewa bile, daga nan ne ma suka samo korar da suke yi wa mutum in ya ishe su, su ce ya je ya dafa kansa. Dankalin da zai ishi gida girki ɗaya sunansa bilin, maƙwabci zai haƙo a lambunsa ya miƙo maka ta katanga ya ce ga bilin ɗaya. In tukunya tana tafasa a hankali murfi yana ɗan rawa, hotter ne, kuma mutum ma in yana kakkarwar sanyi ko yana cika yana batsewa sai a ce yana hotter. In abu mai kauri ne kamar fate yana ɓul-ɓul yana fantsama, sotter ne, shi ya sa duk wani kaca-kaca da aka yi a ɗaki tsofaffin nan sai su ce fit a sotter, wato wannan wace irin ɓarna ce. Tottle ita ce 'yar tafasar nan mai sanyi da za ka ji kamar ruwan rafi yana gudu a kan tsakuwa. Plot kuma ita ce a tsoma abu a tafasasshen ruwa, kamar yadda muke tsoma kaza kafin a fige, in shayi ya yi zafin da zai sale harshe sai su ce plottin het. Wadda na fi so ita ce leep, wato sulala, a ɗan ba wa abu tsoro a wuta bai gama nuna ba, daga bakin mutanen ƙasar Nowe (Norway) na da ta shigo musu. Yaron da aka shagwaɓa, kullum yana naɗe a bargo a gindin wuta ba ya son fita iska, sai su ce masa leepit, sulallen yaro kenan. Ni kam da na ji wannan sai da na ce kai, wanda ya fara faɗin wannan ya san mutane kuma ya san tukunya.

Amma uwar su duka, wadda ta fi tsufa, ita ce seethe. Kafin kalmar boil ta shigo daga Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, da wannan ake cewa tafasa, a Ingila da Sikotlan duka. In an riga an dafa abu sai a ce sod, dafaffen abu kuma sodden, a tsofaffin takardun Scots za ka gan ta an rubuta soddin ko sodyn, dafaffen nama, dafaffen ƙwai, duk da ita ake faɗa. Har a fassarar Baibul ta Turanci ta 1611, wadda aka yi da umarnin Sarki James wanda shi kansa ɗan Sikotlan ne, wurin da ake ba da labarin Yakubu ya dafa fate sod aka rubuta. Jamusawa har gobe suna da 'yar'uwarta, sieden. Abun da ya fi ba ni mamaki shi ne a tsohon harshen mutanen Nowe da Aislan sunan tunkiya ma daga wannan saiwar ya fito, saudhr, a harshen Gotawa, wata tsohuwar ƙabilar Turai, kuma sauths na nufin dabbar da aka yanka don bauta, saboda naman yankan dafa shi ake yi a tukunya a ci tare. Wato dabba ta samu sunanta daga yadda ake dafa ta. Yau ka tambayi yaro a Landan ko Gilasgo ma'anar sodden zai ce maka abun da ruwan sama ya jiƙa sharkaf, seethe kuma zai ce mutum ne zuciyarsa take tafarfasa don fushi. Kalmomin suna nan da rai amma tukunyar ta fita daga cikinsu, ba wanda yake jin ƙamshin nama in ya faɗe su.

Akwai wani labari da ya nuna tsufan wannan dahuwar a wajensu. A 1327 rundunar Sikotlan ta kutsa arewacin Ingila, a cikin rundunar Ingila da ta fito korar su akwai wani malamin coci ɗan garin Liège mai suna Jean le Bel, shi ya rubuta abun da ya gani, daga baya wani marubucin tarihi mai suna Froissart ya kwafa a littafinsa. Ya ce mayaƙan Sikotlan ɗin nan ba sa jan keken kaya ba sa ɗaukar tukwane, in sun kama saniya sai su feɗe ta su rataya fatar a kan turaku su zuba ruwa su dafa naman a cikin fatarsa, kowane mahayi kuma yana da 'yar jakar garin ots da faifan ƙarfe a ɗaure a sirdi, in cikinsa ya gaji da nama sai ya kwaɓa garin ya gasa 'yar waina. Shi ya sa suke tafiyar da rundunar Ingila ta kasa cim musu. Da aka fassara labarin zuwa Turanci a wajen 1523, kalmar da aka sa wa wannan dahuwa a cikin fata ita ce seethe ɗin nan dai.

Me ya sa su komai dafawa, ba gashi ba, ba suya ba? Ƙasa ce mai sanyi da ruwan sama, alkama ba ta yi sosai sai a wasu wurare, ots da sha'ir su ne suke jurewa. A da a wurare da yawa itace ya yi ƙaranci, makamashinsu wata baƙar ƙasar fadama ce da ake yankawa kamar tubali a shanya ta bushe, ita kuma wutarta ba ta da harshe, ci take a hankali tana hayaƙi, ga shi gidan talaka ba tanda. Sai ya zama tukunyar ƙarfe ɗaya ce rataye a kan wuta da wani hannun ƙarfe mai juyawa da suke kira swee, tun safe har dare tana kai. Mutanen da rayuwarsu take kewaye da tukunya ɗaya dole kunnensu ya san bambancin kukanta, kamar yadda uwa a tsakar gida tana ɗaki za ta ce wa 'yarta ke ruwan nan ya tausa je ki yi talge, ba ta ma leƙa ba.

Ots ɗin nan har gori aka yi musu a kansa. Samuel Johnson a ƙamus ɗinsa na Turanci na 1755 da ya zo fassara sunan hatsin cewa ya yi a Ingila dawaki ake ba wa, a Sikotlan kuma mutane ne suke rayuwa a kansa. Su kuwa ko a jikinsu, a da tsofaffin jami'o'insu har hutu suke bayarwa a watan Fabrairu mai suna Meal Monday, asalinsa don ɗalibai su koma gida su ciko buhun garinsu.

Akwai wani dattijo a wajen aikin namu, Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa garau sai dai ƙafa, shi ya zaunar da ni ya bambance min brose da parritch, don ni da na ɗauka duk kunu ne. Ya ce mahaifinsa barantaka ya yi a gonaki, irin waɗanda ake ɗauka aikin wata shida-shida, a watan Mayu da Nuwamba a je kasuwa manomi ya duba ka ku yi ciniki, a ba ka ɗan kuɗi da madara da garin ots a matsayin lada, a zuba ku a wani ɗaki da ake kira bothy ku samari zalla ba mai yi muku girki. Asubar fari kafin a je wajen dawaki ba lokacin tsayawa tuƙi, sai kowa ya ɗebi gari a akwatinsa ya zuba a akushinsa na katako mai suna caup, ya sa gishiri da ɗan man shanu in akwai, ya kwarara tafasasshen ruwa, ya juya da ƙotar cokali ya rufe da faranti na ɗan lokaci, shi kenan brose ya samu. Ba a ɗora shi a wuta, ruwan ne kawai ya tafasa, kamar dai yadda muke dama koko. Ya ce kuma ba a son ya yi sumul, sai da gudaji, knots suke ce musu, in ba gudaji ba a iya ba. Da na gaya masa mu ma akwai masu cewa a zuba musu koko mai gudaji sai ya yi ta dariya yana buga hannun kujera. Safe brose, rana brose, dare brose, in an samu romon kabeji a dama da shi ya zama kail brose, in garin busasshen wake ne irin nasu pease brose. In ko wuta babu, a kwaɓa garin da ruwan sanyi a sha, wannan drammock ne, farau-farau ɗinsu kenan. Ita kalmar brose daga tsohon Faransanci ta samo asali, daga sunan romo.

Parritch shi ne wanda ake ɗorawa a wuta a yi ta juyawa, kuma sandar juyawar tana da suna, spurtle, wasu wuraren theevil, muciya ce ƙarama ba wani abu ba. Tsofaffi suna cewa da hannun dama ake juyawa kuma ta dama, kuma wani abun sha'awa ba sa ce masa shi, su suke ce masa kamar mutane da yawa, za ka ji an ce sun yi kauri yau, ko sha su tun da zafi. A wani ƙauye mai suna Carrbridge tun 1994 duk shekara ake gasar duniya ta dama wannan kunun, kyautar da ake ba wa gwani muciya ce mai ruwan zinare. Wannan fa su ne Turawan da aka ce ba su damu da zancen murhu ba.

Sai kail, wadda ita ta fi kama da yadda muke yi da kalmar tuwo. Asali sunan wani ganye ne ɗan gidan su kabeji mai jure sanyi, kowane gida da ɗan lambunsa a baya, kailyard. Da yake kullum shi ake jefawa a tukunya sai sunan ya koma kan miyar ko da ba ganyen a ciki, daga nan ya koma kan abincin rana gaba ɗaya, mutum zai ce zo ka ci kail ɗinka a gidana ko da nama za a ci, ƙararrawar tashi cin abinci ma kail bell ce. Wanda aka yi ba nama, ruwa da sha'ir da ganye kawai, muslin kail. In limaminsu ya maimaita tsohuwar huɗuba, ko saurayi da budurwa da suka rabu suka dawo, sai a ce cauld kail het again, ɗumame kenan, sai dai su abun raini ne a wajensu, mu kuwa wani ɗumamen ya fi sabon tuwo daɗi. In kuma za a wanke mutum tas da faɗa sai a ce an ba shi kail ɗinsa ta cikin hayaƙi.

Romo kuma bree ne, akwai na ƙaguwa partan bree, akwai na zomo bawd bree, akwai na lokacin girbi hairst bree da ake zuba duk abun da lambu ya bayar. Skink asalinta ƙwaurin saniya ne da farfesun da ake yi da shi, amma mutanen Cullen, wani garin masunta a gaɓar Moray, kifi ya fi musu sauƙin samu a kan nama, sai suka yi nasu da banɗaɗɗen kifi da dankali da albasa da madara suka bar masa sunan, yau in ka ce skink kowa kifi yake tunani, ƙwaurin ya ɓace. Na sha shi a garin da kansa ranar wata Asabar ana iska kamar za ta ɗauke mutum, kuma gaskiya ya yi.

Wadda ta sa na tuna gida har na yi ƙwalla ita ce powsowdie. Pow kai ne, sowdie kuma wasu masana suna danganta ta da sodden ɗin can, dafaffen kai kenan. Kan tunkiya ne, wani lokacin har da ƙafafun, kuma da yake ba a son a feɗe fatar sai a aiki yaro ya kai maƙera a babbake gashin da jan ƙarfe, a dawo da shi a kankare a jiƙa ya kwana, a fasa, a ɗora da sha'ir da busasshen wake da karas da albasa ya yi ta ɓararraka awa da awanni. Dattijon nan ya ce shi ya taɓa kai kai maƙera yana yaro, ya ce ƙaurin yana bin rigarka har makaranta. Ina jin haka sai ga ni a tsakar gidanmu washegarin Babbar Sallah, yayyena suna babbakar kai da ƙafa a bakin zaure, Inna tana cewa a kankare da kyau kar a bar mata baƙi a kunne. Jikokin wannan dattijon ba su taɓa ganin kan tunkiya a tukunya ba, kalmar ma in sun ji ta dariya take ba su.

Yadda aka yi kalmomin suka ja baya ba ɓoyayyen abu ba ne. Bayan sauyin addini na 1560, lokacin da ƙasar ta bar ɗariƙar Katolika ta koma Furotesta, Baibul ɗin da ya shiga coci da gidaje na Turancin Ingila ne, a 1603 sarkinsu ya gaji sarautar Ingila ya tattara ya koma Landan da fadarsa, a 1707 aka haɗe majalisun Sikotlan da Ingila, sai ya zama duk mai son ya zama wani abu dole ya gyara bakinsa ya koma na Ingila. Makaranta ta zo ta ƙarasa, tsofaffin da nake kula da su da yawa sun ba ni labarin yadda malami yake zane su da bulalar fata in sun yi yaren gida a aji, a ce musu wannan ba harshe ba ne, lalataccen Turanci ne. Duk wanda aka taɓa ci tara a makaranta don ya yi Hausa ya san wannan zafin. Sannan murhun kansa ya canza, gas da lantarki suka zo, abincin gwangwani ya zo, swee ya koma gidan tarihi, in ba a jiƙa dusa wa zai ambaci swats?

Amma ga inda suka yi abun a yaba, kuma nan ne nake son mai wancan rubutun ya saurara. Wani limamin coci mai suna John Jamieson, haifaffen Gilasgo, ya share shekaru yana tattara kalmomin nan daga tsofaffin littattafai da bakin manoma da matan gida, a 1808 ya fitar da ƙamus mujalladi 2 a Edinbara, ya ƙara wani a 1825. Bayansa aka yi wasu manya guda biyu, ɗaya na harshen tun daga 1700 zuwa yau, mujalladi 10, an fara fitar da shi 1931 aka gama 1976, ɗaya kuma na tsohon harshen kafin 1700, mujalladi 12, shi daga 1931 sai 2002 aka kammala, waɗanda suka fara duk sun mutu ba su ga ƙarshensa ba. Mutanen gari ne suka riƙa aiko da kalmomi daga ƙauyukansu, malaman makaranta da limamai da tsofaffin mata, kuma kowace kalma an rubuta a wane yanki aka ji ta da wace shekara. Yanzu duk an haɗe su a intanet kyauta. Ba don wani ya zauna ya rubuta sunan ruwan tsamin dusa ba tare da ya raina shi ba, da ni baƙuwa daga wata nahiya ban isa in gane abun da tsohuwar nan take roƙo ba, da har yau fayil ɗinta yana cewa sambatu take.

Mu ma a Hausa muna da ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006, kuma an yi ƙoƙari Allah ya saka, amma Malam Edita kai ma ka san akwai kalmomin da suke bakin iyayenmu mata a Gumel da Maraɗi da Argungu da zangon Kumasi waɗanda ba su taɓa hawa takarda ba. Roƙona shi ne ka ware ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, masu karatu su riƙa aiko da kalmar girki ɗaya da garin da ake faɗinta da wanda suka ji ta a bakinsa, ni zan fara aiko da na kakata.

Ita kuwa tsohuwar tawa, washegari na samu shugabar sashenmu na nuna mata abun da na gani, aka kira 'yarta, ita ma ta haura sittin, tana jin kalmar ta dafe baki ta ce rabonta da jin ta tun tana 'yar firamare a gidan kakarta. Ita ta nemo dusar a wani ƙaramin injin niƙa da har yanzu yake aiki da dutse, amma ba ta san yadda ake yi ba, sai muka yi ta waya, ina ce mata ta sunsuna in ta ji tsami ya fara kamawa ta ƙara masa kwana biyu, ta tace da ƙyalle mai laushi, kar ta girgiza in ya kwanta. Ranar da ta kawo shi a fulas aka ba da izini, ni na zuba a kwano na sa madara a gefe na ajiye mata. Ta daɗe tana kallonsa, ta kai hanci, sannan ta karɓe cokalin daga hannuna ta kai baki da kanta. Ta sha cokali uku ta ɗago ta dube ni ta ce quine, gishiri bai ji ba. Aka kawo gishiri ta barbaɗa da yatsunta, ta shanye kwanon tas.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, a gaida mutanen gida.

Taku,
wata mai karatunku daga yankin Abadin, Sikotlan